Motar da Aka Goge wa Suna

Shekara talatin da ɗaya Munzali yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, a garejinsa da ke bakin titin Kaduna a Birnin Gwari, kuma a tsawon shekarun nan abu ɗaya ya tara wanda zai iya nunawa, wato suna. An ce da kunne yake gane mota. Yana kwance a kan buhu, baƙin mai na ɗiga masa a gemu, mota za ta wuce a titi ya ce, "Golf ce, fulogi ɗaya ya mutu," a leƙa a ga haka ne. Ranar da ya kuskure kuwa sai ya ce ai an canza mata inji ne. A garin nan kuma babu mai iya rantsewa ba a canza ba.

Wannan sunan ne ya jawo masa.

Kawunsa Abarshi, yayan mahaifiyarsa, ya doshi casa'in. Shekara biyu ke nan yana zaune a zauren Munzali, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Unguwar Direba, can bayan Kakangi a bakin daji. Ba ya zancen gonarsa. Ba ya zancen rumbuna huɗu da aka ƙona masa. Zancensa ɗaya ne, safe da yamma: motar Baba.

Mahaifin Kawu ya yi wa wani Bature mai haƙar zinariya direba, tun kafin babban yaƙin nan da tsofaffi ke kira yaƙin Bama. Da yaƙi ya tashi Baturen ya tafi, ya ce a riƙe masa motar zai dawo. Bai dawo ba. Direban ya tuƙo ta gida, ya yi ta jigilar marasa lafiya da buhunan dawa da ita na 'yan shekaru, har ranar da ta tsaya a gindin wata tsamiya ta ƙi tashi. A nan ta tsufa, kuma daga ita ƙauyen ya samu suna. Munzali kansa ya yi wasa a cikinta yana yaro, ya tuƙa ta da baki har Makka ya dawo. Bai taɓa tambayar wace iri ce ba. Ana ce mata mota, kuma babu wata a ƙauyen da za a rikita su.

Wata Juma'a wani mai gawayi ya shigo gari da labari. 'Yan gwangwan sun shirya da mutanen daji, suna bin ƙauyukan da aka watse suna yanke duk wani ƙarfe da ya rage: kwanon rufi, injin niƙa, kan famfon burtsatse. Sun gama da ƙauyuka biyu, Unguwar Direba na gaba. Kawu ya ji, ya ture kwanon tuwonsa. Washegari ma ya ture kunu.

A ranar ne Patience ta zo gaishe shi. 'Yar Isaiah ce, maƙwabcinsu a ƙauye, tana aiki a wani gidan adana kayan tarihi a Kaduna. Ta durƙusa ta gaida tsohon, ta saurari kukansa, sannan ta ce akwai hanya ɗaya. Ranar Alhamis sojoji za su raka ayarin motoci zuwa Kakangi. Idan ogan gidan tarihin ya sa hannu, za a haɗa da babbar mota a ɗauko motar Baba a kai Kaduna, a ajiye ta a inuwa da sunan direbanta a jiki.

"Amma sai an cike wannan," in ji ta, ta zaro fom daga jaka. "Layi uku ne kawai, Yaya Munzali. Kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, da shekara. Oga ya gaji da mutanen da ke kiran tsohuwar akori-kura kayan tarihi. In ba suna, ba ya ko kallon takarda. Ranar Talata zan koma."

Kawu ya juyo ya dubi Munzali, fuskarsa ta washe karo na farko cikin kwana biyu.

"Shi ke nan ai," in ji shi. "Ga mai ita nan a gida. Kai da aka ce mota na tari kake faɗin sunan ubanta."

"In sha Allahu, Kawu," in ji Munzali, da muryar da yake yi wa mai mota idan bai san abin da ya lalace ba.

Ya fara da hoto. Duk ƙauyen hoto ɗaya aka samu, a wayar matarsa Bushira, wanda aka ɗauka a wani bikin suna shekara huɗu da suka wuce. Motar na can baya. Mata shida sun zauna a kanta da sababbin atamfofi, akuya na tsaye a inda ya kamata a ga gilashi, gaban motar kuma mai ɗaukar hoto ya yanke shi don ya samu shigar da ragon suna. Munzali ya yi ta buɗa hoton da yatsu biyu har ya koma tsatsa zalla. Abin da ya gano shi ne tana da ƙafa mai wayoyi kamar ta keke, da matakala a gefe. Ya hau kan tudun bayan tasha inda waya ke samun sabis, ya nemo hotunan motocin wancan zamani. Duk suna da ƙafa mai wayoyi. Duk suna da matakala. Sun yi masa kama da juna kamar tsofaffi a sahun gaba.

Sai ya koma ga kunne, tunda nan ne gidansa.

"Kawu, yaya kukanta yake?"

Kawu ya gyara zama, ya rufe ido, ya kumbura kumatu. "Tuk, tuk, tuk-tuk, tuk." Ya tsaya ya yi tari. "Tarin ba ya ciki."

"A ina ake zuba mata mai?"

"A gaba, daidai hancin direba."

Munzali ya ji daɗin wannan, har ya koma kan tudu ya tarar motoci da yawa na lokacin a gaba ake zuba musu. Ya sauko da kukan injuna huɗu a waya, ya kara wa Kawu a kunnen da ya fi ji. Ya kunna na farko.

"Ita ce!" in ji Kawu. "Wallahi ita ce."

Don ya tabbatar, Munzali ya kunna na biyu, na wani kamfanin dabam.

"Ita ce. Ka ji yadda take shan iska?"

Kafin ya kunna na uku maƙwabci ya tayar da janareta. Kawu ya ɗaga yatsa, idonsa ya cika da hawaye. "Allahu akbar. Kamar Baba zai shigo."

Munzali ya kashe wayar ya shiga cikin gida. Bushira na tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Injiniya, an gano ta?"

"Ana kan bincike."

"Ni dai da ka tambaye ni, da na ce maka rabin motar nan tana cikin garin nan."

Ya tsaya da buta a hannu.

Gaskiyarta ne. Shekara tamanin mutanen Unguwar Direba suna cin motar nan kaɗan-kaɗan. Wanda ya rasa ƙofar akurki ya je gindin tsamiya. Wadda ta rasa murfi ta je gindin tsamiya. Ranar da aka gudu kuma, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya saba ɗauka. Ashe motar ma ta yi gudun hijira, a ƙunshe cikin zannuwa, ta watsu a ɗakunan haya da azuzuwan firamare. Ƙarfen mota kuwa, ko'ina maƙera suna buga masa suna. Munzali ya ajiye buta ya ɗauki buhu.

Ranar Lahadi ya fara da Isaiah. Ya same shi bayan an tashi daga coci, a wata rumfa da mutanensu suke taruwa. A jikin bishiyar darbejiya an rataye wani ƙarfe mai kama da kwano, wanda Munzali ya gane tun daga nesa: gangar birki ce.

"Ita ce ƙararrawarmu tun ina yaro," in ji Isaiah. "Na bar akuyata, na ɗauko wannan. Har yau matata ba ta yafe min ba."

Munzali ya juya ta, ya shafa, ya tofa yawu ya goge. Shekara sittin ana dukanta da guntun rodi kowace Lahadi. Idan ma an taɓa rubuta wani abu a jikinta, ya daɗe da zama sauti.

Ranar Litinin da safe ya je wurin Ƙasimu, maƙerin ƙauyensu, wanda ya kafa zuga-zugansa a bayan kasuwa. Ƙasimu ya karɓe shi da murna, ya ce ai ƙarfen motar nan babu irinsa. Sifirin ɗinta kaɗai, ƙarfen da ke tallafe da bodi a kan taya, ya ba da adduna tara da fartanya ba adadi, kuma har yau akwai masu noma da su.

"Akwai wani ɗan allo na ƙarfe a jikinta, wajen inji," in ji Munzali. "Ƙarami, da rubutu da lambobi."

"Na san shi! Babana ya cire shi."

"Yana ina?"

Ƙasimu ya miƙo hannu, ya nuna masa zoben da ke ƙaramin yatsansa. "Uku ya fitar. Ɗaya nawa, biyu an binne masu su."

Saura Inna Karima. Bushira ta ce ita ce ke da fitilar motar da murfin taya ɗaya, kuma Munzali ya riga ya gani a hotuna cewa a waɗannan wurare biyu kamfanoni suka fi son buga sunansu. Ya tafi da saurinsa har yana tuntuɓe. Inna Karima ta haura saba'in, kuma tun a ƙauye an san ta da abu ɗaya: tsabta. Tukunyarta ake nuna wa amare. A ɗakin da take haya yanzu, mai faɗin tabarma biyu, kwanukanta na jere suna ɗaukar ido.

Ta ɗauko masa su a nannaɗe cikin tsumma. Ƙoƙon fitilar ya zama kwanon shan fura. Murfin tayar, ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannu ba, da shi take auna gishiri. Dukansu suna sheƙi kamar yau aka fito da su daga kanti. Munzali ya kai su bakin ƙofa wajen haske, ya juya, ya karkata, ya sake juyawa. Abin da ya gani a jiki shi ne fuskar wani mutum mai furfura a gemu, da baki a buɗe.

"Inna, babu wani rubutu a jikin nan da can?"

"Akwai mana," in ji ta. "Wani zane ne a nan tsakiya, mai lanƙwasa kamar tafiyar tsutsa. A fitilar ma akwai a sama. Datti ne kawai ke maƙalewa a ciki."

"Ina ya tafi?"

"Na fitar da shi." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Uwar mijina ta fara, Allah ya jiƙanta, amma hannunta ba ƙarfi. Ni na ƙarasa. Toka da yashin rafi, kullum bayan la'asar. Shekara goma sha biyar na yi kafin ya fita tas. Shafa ka ji, ɗan nan. Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Munzali ya shafa. Ya yaba mata, don babu abin da ya rage a yi, kuma aikin ya yi kyau.

"Za ki iya tuna yadda zanen yake? Ki zana min a ƙasa."

Ta karɓi tsinke ta yi wani abu a ƙasa mai kama da igiyar guga da aka yar. Ta duba, ta ƙara masa wutsiya. Munzali ya roƙi aron murfin, ta ba shi da sharaɗin kada ya taɓa shi da hannun gareji.

Ranar Talata Patience ta zo gareji da fom da biro, jakarta a kafaɗa, motar Kaduna na jiranta a tasha. Munzali ya shimfiɗa takardar a kan bonet ɗin wata tasi.

"Ina zargin Ford ce," in ji shi. "Rubutu mai lanƙwasa, mai a gaba. Amma akwai wasu ma masu lanƙwasar. Kuma Ford ɗin ma iri-iri ce."

"To rubuta zarginka ka sa hannu, Yaya. Ni zan san yadda zan yi da oga."

Ya ɗora biro a layin farko. Ya tuna hanyar Kakangi, da direban babbar motar da za a tura, mai 'ya'ya shi ma, ya bi ta cikin dajin nan a kan zargin wani makanike. Wannan dalili ne mai kyau, kuma shi ya faɗa wa Patience. Akwai wani dalilin a ƙarƙashinsa wanda bai faɗa ba. Shekara talatin da ɗaya yana faɗin sunan mota da baki, iska ta kwashe. Wannan a takarda ne, da sa hannunsa, za a kai Kaduna a ajiye a fayil. In ya kuskure, babu wanda zai ce wa an canza mata inji.

"Ba ni da hujja," in ji shi. Ya mayar mata da biron.

Ta naɗe fom ɗin ta sa a jaka. "Zan kai haka nan, in gwada."

Amsa ta zo ranar Laraba da rana: a cike a dawo da shi. Ranar Alhamis da hantsi ayarin ya wuce ta gaban gareji. Munzali na ƙarƙashin wata bas, ya lissafa su da kunne ɗaya bayan ɗaya, ya san kowace da ciwonta. Bai fito ba sai da ƙarar ta ɓace. A gida ya ce wa Kawu ana kan magana. Kawu ya koma shan kunu rabin kofi, yana tambaya kullum ko Kaduna sun kira.

Kwana tara bayan nan, da azahar, wata tsohuwar roka, babbar motar ɗaukar kaya, ta tsaya a gaban gareji tana huci, an lafta mata gwangwan har ya fi ƙarfin bodi. Tun kafin direban ya sauko Munzali ya ce, "Bel ɗin fanka ne." Shi ne kuwa. Direban ya ce don Allah a yi sauri, yana so ya wuce dajin kafin la'asar. Munzali ya yi aikin cikin minti goma, irin aikin da yake yi idan yana so baƙo ya tafi da labarinsa. Yana goge hannu ya zagaya bayan motar, sai ya ga wani abu ya faɗo daga cikin kayan. Busasshiyar tsamiya ce.

Ya ɗaga kai. Tsakanin wani kan famfo da tarin kwanon rufi, ga matakala. Ya san ta. Ya san inda ta lotsa, don shi ya lotsa ta da dutse yana ɗan shekara bakwai, aka zane shi.

Bai san lokacin da ya hau kan kayan ba, shi da gwiwarsa ke ƙara in zai yi ruku'u. An yanka motar gida huɗu ko biyar. Injin na can a gefe, an danne shi da ƙarafa, ya yi baƙi da tsohon mai da laka da kashin kaji na shekara tamanin. Ya fi ƙarfin ɗauka, don haka babu wanda ya taɓa kai shi gida. Babu macen da ta taɓa wanke shi.

Munzali ya zaro sukudireba daga aljihu ya fara kankara. Dattin ya ɓamɓaro kamar ɓawon rogo. A saman injin rubutun ya fito, mai lanƙwasa, da wutsiyarsa, daidai yadda Inna Karima ta zana a ƙasa. Ford. Ya zura hannu ta gefe ya kankare wani ɗan fili. Tauraro, sai harafin A, sai lambobi. Ya san daga karatun kan tudu cewa harafin shi ne samfurin, lambobin kuma su za su ba da shekara.

A ƙasa injin roka ya tashi, lafiya lau, ba ko gargada.

"Malam, sauko!" in ji direban.

"Minti biyar! Don Allah! Ko ka sayar min da injin nan."

"Kayan ba nawa ba ne. Kuma wa zai ɗaga shi? Sauko, rana na yi!"

Ya karanta lamba uku. Ta huɗun na ƙarƙashin wani rodi da ya ƙi motsi. Motar ta fara tafiya, ya diro, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya a gaban masu shayi. Ya zauna a nan bakin titi yana jin ta tana canza giya har ta fita gari. Bel ɗin bai yi ko ƙara ba. Aikinsa ne.

Ya sami Kawu a zaure, ya zauna a gefen tabarma, ya faɗa masa duka. Bai rage komai ba, har da biron da ya mayar.

Kawu ya ce, "Sake faɗin sunan."

"Ford. Samfurin A."

"Fodi." Ya juya kalmar a baki kamar goron da bai saba da shi ba. "Da ka rubuta, da ka yi daidai ke nan."

"Da na yi daidai, Kawu."

"To." Ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya ɗauko murfin tayar, wanda yake kwana da shi tun ranar da aka aro. "Mayar mata da sunanta a nan. Kada ya sake ɓata."

Munzali ya ɗauko ƙusa da ƙaramar guduma. Ya zauna a bakin zaure ya buga sunan ɗigo-ɗigo a tsakiyar murfin, da lanƙwasarsa da wutsiyarsa, ya ƙara A a ƙasa. Kawu ya bi shi da yatsa sau uku. Da yamma ya sha kunu, bai kai rabin kofi ba.

Washegari Inna Karima ta zo karɓar abin awonta, ta ce kwana goma sha uku ke nan miyarta ba ta daidaita ba. Munzali ya miƙa mata. Ta kai shi wajen haske, ta shafa da babban yatsa, ta ja tsaki.

"Wa ya ɓata min kwano?"

Munzali ya shiga naɗe buhunsa.

"Ba komai," in ji ta, tana ƙulle shi a bakin zane. "Akwai toka. In Allah ya ba ni rai, zai fita."

Munzali ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Wancan ya ɗauke ta shekara goma sha biyar, nasa kuma bai kai wancan zurfi ba. Ya buɗe baki zai ce amin, ya rufe, ya ɗauki buhunsa ya koma gareji.